Abin da hannu ke faɗa a Damagaram

Daga tashar Ƙofar Ruwa a Kano muka tashi ranar Talata bayan sallar asuba, don in samu yini guda a Zinder kafin babbar kasuwarta ta ranar Alhamis. Sayen jemammiyar jar fata ne ya kai ni. Mai sayen fata kuwa karatun tabo ne aikinsa: ya shimfiɗa fatar akuya ya gane inda kaska ta sha, inda ƙaya ta karta, inda wuƙar mai fiɗa ta zarce. Idon da ya saba da wannan ba ya tsayawa kan dabba, har jikin mutane yake bi. Damagaram kuma, wato Zinder, mahaɗa ce ta Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafulatani da Batube, saboda haka ido ba ya rasa abin karantawa.

Tun a mota aka fara. Hannun direbanmu na hagu, daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ya fi na dama duhu ƙwarai, domin shi ne yake kwana a taga rana tana dukansa. A hagu sitiyari yake a ƙasashen biyu, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta dama a 1972. In direba ya sa riga mai dogon hannu, sai a dubi bayan tafin, nan bambancin yake. Yaron motar ba ya bukatar dogon bincike: murya a dushe, takardun kuɗi a ninke ta tsawo an cusa su tsakanin yatsu. Wani dattijo da ke gefena, duk garin da muka tsaya aka koro awaki, ba ya kallon fuskarsu, ƙugunsu yake bi da ido yana motsa leɓe. Kafin mu kai Kazaure ya faɗa da bakinsa cewa dillalin dabbobi ne. Dambatta, Kazaure, Daura, ba wani abin faɗa sai hazo da shingayen bincike.

A Kwangwalam aka sauke mu, muka taka zuwa ɓangaren Nijar, Ɗan Barto. Na riƙe fasfo da katin allurar shawara, aka duba aka buga hatimi. Amma a bakin iyaka akwai wata shaida da mutane suka fi yarda da ita a kan takarda, ita ce lamba. Allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri a kwanakinsa na farko tana barin ɗan tabo zagayayye. A Najeriya a damtse ake yin ta, kusa da kafaɗa. A Nijar, yawancin waɗanda na duba a sangalin hannu take, tsakanin gwiwa da wuyan hannu na hagu. Mutum ya naɗe hannun riga zai yi alwala, ka riga ka san a wace ƙasa aka kai shi awo. Sai dai abin da ka sani ke nan, ba ka san ƙasarsa ba. Matar ƙauyen bakin iyaka asibitin da ya fi kusa take kai ɗanta, ko na wace gwamnati ne. Wasu kuma an yi musu allurar ba ta bar tabo ba. Dattawa suna da wata lambar mai faɗi, ta agana, wadda aka daina yi wajen 1980, kada a haɗa su.

Abin da ya fi lamba saurin tona baƙo shi ne kuɗi. Bahaushen Nijar ba ya ƙirga sefa, dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jaka ɗaya sefa 1,000. Duk abin da aka faɗa maka, in ba a ambaci jaka ba, ka ninka shi sau biyar. Mai shayi ya ce wa wani saurayi daga cikinmu dala hamsin, saurayin ya miƙa masa ƙwandalar da aka rubuta 50 a jikinta. Mai shayin bai ko karɓa ba, ya ce, "Ɗan Najeriya, saura dala arba'in." Ɗan canji ma hannunsa yana faɗin inda ya koyi aiki. Na ɓangaren Nijar goma-goma yake jera takardu, tara a miƙe, ta goma a ninke ta rungume su. Namu na Wapa, kasuwar canji ta Kano, ɗari-ɗari yake ɗaurewa da roba. Da ɗan canjin ya rubuta mini lissafi, 1 ɗinsa tana da dogon baki kamar ƙugiya, 7 kuma an gitta mata sanda a ciki. Wannan hannun lakwal ne, makarantar Faransanci, kuma ba ya barin mutum ko ya shekara talatin a Fagge. Haka lambar waya: tasu takwas ce, bibbiyu suke karanta ta.

Jaka uku na biya daga iyaka zuwa Zinder. Matamaye, Kance, sai Takeita inda aka hau babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, wadda a can ake kira gudoro. Jandarmomi sun tsayar da mu sau biyu, suka karɓi katuna suka dawo da su. Mun wuce Tirmini, inda rundunar Damagaram ta gwabza da Faransawa a 1899, sannan manyan duwatsu suka fara bayyana, wasu a kan wasu kamar an ɗora su da hannu. Daga Kano zuwa nan kusan kilomita 240 ne, amma sai bayan la'asar muka shiga.

Na sauka a wani ƙaramin masauki a Sabon Gari, jaka goma kwana ɗaya, da fanka da bokiti biyu a banɗaki. Bokitin nan ba ado ba ne. Zinder a kan dutse take zaune, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, famfo kuma yana iya yin shiru yini guda ko fiye. Don haka 'yan garuwa suna da yawa, kuma iri biyu ne a jiki. Tsohon ɗan garuwa, wanda ya yi zamanin sanda da garwa biyu, kowace garwa lita 18, ya ɗauki kusan kilo 36 a kafaɗa ɗaya sau da yawa a yini. Yana da kanta baƙa mai kauri a gindin wuya, kafaɗar nan ta ɗan sauka ƙasa da 'yar'uwarta, tafiyarsa kuma gajerun taku ne masu sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, irin wadda ba ta bari ruwa ya fantsama. Ko ba kaya haka yake tafiya. Na yanzu kura yake turawa mai jarka goma, kilo 200 ko fiye. Tasa kantar a gindin tafin hannu take, yana tafiya a sunkuye kamar mai shiga iska, tsakanin yatsun ƙafarsa fari fat ya tsattsage saboda jiƙa. Dala ashirin na sayi jarka ɗaya, aka ce mini da bazara ta fi haka.

Laraba da sassafe na hau kabu-kabu, abin da muke kira acaɓa, dala arba'in zuwa majema. Ba sai an nuna maka wurin ba, hanci zai kai ka. Jima tsohuwar sana'a ce a garin nan. Fatun wannan yanki suna cikin waɗanda ayari ya riƙa ƙetarawa da su Sahara har Turawa suka ɗauka na Maroko ne, masana'antar jima ta zamani da aka yi a Zinder kuma sunan Malam Yaro aka sa mata, attajirin unguwar Zango na lokacin zuwan Faransawa. Wanda bai san matakan jima ba ba zai iya karanta hannun majemi ba, domin kowane mataki da irin tabon da yake bari.

Busasshiyar fata ana jiƙa ta kwana ɗaya ko biyu ta saki. Daga nan sai ruwan toka, yanzu har da ragowar karbin masu walda, kwana biyu zuwa uku, har gashi ya riƙa saɓulewa in an murza da babban yatsa. Sai a ɗora ta a kan gungume a kankare da kartaji, wuƙa mai mariƙi biyu. Bayan haka ana kwantar da ita a ruwan kashin kaji ko na tantabara, wasu da ganyen fataka, don ya cire kaifin tokar ya tausasa ta. Nan aka fi yin asara. In ta daɗe, fuskar fatar ta ruɓe ta riƙa kwailewa, in aka yi gaggawa ta fito da tauri kamar ƙirgi. Sannan bagaruwa: a daka kwanson, a jiƙa a kwatarniya, a riƙa cuɗa fatar ana sauya ruwan kwana biyu ko uku. Gwajinta shi ne a yanki bakin fatar ta wajen wuya, inda ta fi kauri. In akwai farin layi a tsakiya, bagaruwa ba ta ratsa ba, wannan fatar za ta karye bayan ta bushe. In ta ratsa, sai a shafa man gyaɗa, a ja ta a miƙe, a shanya a inuwa. Ja da karan dafi da kanwa ake yin sa, baƙi kuma da kuloko, ruwan rini da ake haɗawa da ƙarfe.

To dubi hannun. Ruwan da ke cire gashin akuya ba ya tambayar gashin wa ya samu, saboda haka majemi ba shi da gashi daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa, wurin sumul. Toka tana cin tsakanin yatsu, ta bar ja da tsaga. Bagaruwa tana rina farce da tafi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, kamar na tsohon goro, inda kuma ƙarfen kartaji ya gogi jiƙaƙƙen hannu sai wurin ya koma baƙi, don haɗuwar bagaruwa da ƙarfe baƙi take bayarwa, dabarar kuloko ke nan. Ranar Juma'a majemi ya fi kowa zuba turare. Halin da ba ya iya dainawa shi ne taɓa fata: wani dattijo a wurin, muna cikin gaisawa, ya kama madaurin jakata ya ninke ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wannan ba bagaruwa ba ce, aikin kamfani ne." Gaskiyarsa.

Da na ce daga Kano nake, sai aka fara. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, kowa yana cewa kakansa ne ya kori kakan wani, kuma ba a gama ciniki sai an biya wannan bashin na baki.

Dukawa suna cikin Birni da kewayen kasuwa, suna ɗinka alabe da jaka da titimi da kayan doki. Hannun baduku bai yi kama da na majemi ba ko kaɗan, duk da fata ɗaya suke ci. Busasshe ne. A tsakiyar tafin dama akwai kanta zagayayya, inda gindin basilla yake tokara. Manunin hagu ya sha huda har ya yi kaushi. A gefen ƙaramin yatsa akwai kwari siriri, hanyar da zare yake bi in an ja shi an tsuke. Yana zaune a ƙasa ya maƙale tsinken fata da babban yatsan ƙafa, har ka ga yatsan ya ware daga sauran. Mai ɗinkin hula ma yana da hudar allura a manuni, amma ba shi da kantar tafi, kuma yakan kawo abu dab da ido kafin ya gane shi.

Birni ita ce tsohuwar unguwar sarauta, lunguna ƙanana, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye ta da ganuwa ya tara bindigogi, har yanzu ana ganin guntayen ganuwar. Garin ya riƙe matsayin babban birnin mulkin mallakar Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. A ƙofar fada dogarai suna zaune da jajayen kaya, waɗannan tufa ta riga ta faɗa. Wanda ake ganewa ta hali shi ne bafaden da ya fito cikin farar riga kamar kowa: tun daga nesa yake neman inda zai tuɓe takalmi, gaisuwarsa da dunƙulallen hannu a sama, ba ya tsayawa a kan babba yana magana sai ya rage tsawo, "ranka ya daɗe" kuma tana fita daga bakinsa ko da mai goro yake ciniki.

Gidan sarautar Damagaram daga Barno asalinsa yake, shi ya sa a Birni za ka ga dattijo da zanen Barebari, dogayen layuka a tsaye a kumatu da ɗaya daga goshi zuwa karan hanci, amma in ya buɗe baki Hausa ce zalla. A wata inuwa na zauna wurin wani tsohon wanzami in rage suma, dala hamsin. Shi kansa abin karatu ne. Gefen tafinsa na hagu ya yi santsi yana ƙyalli, don nan yake goga aska bayan dutse. Zabira ba ta barin hammatarsa, kuma yana magana da kai idonsa na kan ƙeyarka.

Na ce, "Baba, mutum zai iya sanin asalin wani daga fuska kuwa?"

Ya ce, "Da can, ƙwarai. Yanzu sai ka fara sanin wace tsaga kake kallo, ɗana. Uku ce, ba ɗaya ba."

Yadda ya rarrabe su ya fi duk abin da na taɓa ji tsari. Ta gado ana yin ta ne mutum yana jariri, sai ta girma tare da fuska: ta yi faɗi, ta yi laushi, bakinta ya baje, kuma tana da tsari da ƙidaya. Bagobiri nasa layukan daga gefen baki suke tashi su bazu zuwa kunne, shida a ɓangare ɗaya, bakwai a ɗayan. 'Yan baka uku-uku a gefen baki an fi saninsu da Kanawa. Ta biyu ta magani ce: gajeru, a cunkushe, ba ruwansu da daidaito, a gefen ido saboda ciwon ido ko zafin kai, a ƙirji, ko a ciki ta hagu saitin saifa. Ƙaho kuma da'ira yake bari da 'yan tsage a ciki, galibi a baya ko ƙeya. Ta uku ta ado ce, wadda budurwa ko saurayi ya sa aka yi masa da girmansa: siririya, baƙa, don an cusa mata baƙin tukunya. Kuskuren baƙo shi ne ya ga tsagar magani a gefen ido ya ce ai wannan ɗan ƙabila kaza ne. Bille guda a kumatu ma ba ya yanke hukunci, gidaje da yawa suna yin sa.

Ya ƙara da abu biyu. Na ɗaya, yaran yanzu ba a yi musu, in ka ga cikakkiyar askar gado to mai ita ya manyanta ko daga ƙauye mai nisa ya fito. Na biyu ya faɗe shi da murya ƙasa: kada ka tambayi mutum ma'anar askarsa a cikin taro. A zamanin yaƙe-yaƙe da ita ake gane ɗan gida in ya ɓace, amma da ita kuma ake gane wanda aka kamo, akwai gidajen da ba sa son a tayar da wannan. Ka karanta ka yi shiru.

Da dare na ci dambu da zogale a bakin titi, dala sittin, na haɗa da dogon burodin nan nasu mai ɓawo wanda Bakano yake raina wa har sai ya ci shi da zafinsa.

Alhamis babbar kasuwar garin, wadda ake kira Dole, ta cika tun hantsi. Lokacin sanyi ne, lokacin da gishirin Bilma da dabinon Kawar suke saukowa, don haka Buzaye sun yi yawa. Shuɗin da ke goshin Buzu da saman kumatunsa da wuyansa daga rawaninsa ne, alasho, wanda ake buga wa shuni har ya yi ƙyalli, kuma mafi daraja a Kura ta Kano ake yin sa. Wannan shuɗin a saman fata yake, gumi yana ɗaukarsa, mai shi kuma ba ya son ya wanke don alamar tufa mai tsada ce. Na marini daban ne: a hannu yake zuwa gwiwa, ya shiga farce da tsagar tafi, fuska kuwa ba komai. Buzu in babba ya iso sai ya ja amawali ya rufe har karan hanci, shayi ma ta ƙarƙashinsa yake kai wa baki. Mai raƙumi ana gane shi da takalmi mai faɗi wanda ake zarewa da sauri, don a kan raƙumi ba takalmi yake zama, tafin ƙafarsa a wuyan dabbar, da yatsu yake ba ta umarni. Na zauna wurin wasu aka yi shayi zagaye uku da cuku. Tashi bayan kofi na farko rashin ladabi ne, wanda ya yi haka ya nuna bai taɓa zama da su ba.

Makiyayi ko ya sayar da shanun ya sa shadda, in ya tsaya jira sai ka ga ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa biyu a kanta, ko ya ɗora tafin ƙafa ɗaya a gwiwar ɗayar. Batube yana ɗaure wuƙa a damtsen hagu, a ƙarƙashin riga, hannun rigar yakan ɗan tashi a wurin. In ya cire ta saboda shiga gari, zoben fata mai haske yana nan inda madaurin yake zama.

A layin mahauta doka ɗaya ce: tabo yana hannun da ke riƙe nama, ba wanda ke riƙe wuƙa ba. Manuni da babban yatsan hagu sun sha yanka, dama lafiya lau. In ka ga akasin haka, bahago ne. A sangalin hagu akwai ɗan fili marar gashi inda yake gwada kaifi, ƙarami ne, ba kamar na majemi da ya share hannu biyu ba. Mai kilishi nasa yankan sirara ne a kan yatsu da tafi, don a kan hannu yake buɗe tsoka ta zama kamar takarda, farcensa kuma ja-ja saboda labu. Mahautan garin nan suna hawan ƙaho a lokutan biki, wani ya ɗaga riga ya nuna mini inda sa ya taɓa shi a haƙarƙari, yana dariya. Kilishin jaka biyu na saya, da alkaki na jaka ɗaya, wanda Damagaram ta yi suna da shi. Nasu ya fi namu shan zuma da tauri, yana kwana da yawa bai lalace ba.

Maƙerin gargajiya a zaune yake aiki, uwar maƙera a gabansa, zugazugi a gefe, shi ya sa tabon tartsatsi yake a ƙaurinsa da sangalin hannu, wandonsa da 'yan huji kamar an yi da gangan. Yana ɗaga murya ko kuna kusa, masaba ta rage masa ji, yana kuma ɗaukar garwashi da yatsu ya mayar cikin wuta ba tare da ya lura ya yi wani abu ba. Mai walda tsaye ko a tsugune yake, alamarsa jan ido da safe da fuska mai saɓa. Mata ma haka: mai dakan fura tana da kanta a gindin yatsun hannu biyu saboda taɓarya, mai tuya tana da ɗigon tabon mai a wuyan hannu, masu tukwane daga Mirya, kilomita 18 gabas da gari, yumɓu a farce da kaushi a gwiwa. Jan haƙori na fure da goro an fi ganinsa wurin dattijan matan Barebari da Mangawa. Sai dai lalle yana rufe rabin wannan duka, mace ta sha ƙunshi ba ka da abin karantawa sai yadda take riƙe abu.

Inda karatun yake ɓaci ya kamata a faɗe shi. Da hunturu kowa hannunsa ya yi kaushi, ƙafa ta yi faso, har ma'aikacin ofis sai ka ɗauke shi manomi. Tabon goshi ba ya nuna yawan ibada, wata fatar tana yin sa da wuri, wata ba ta yi ko an shekara sittin ana sujada. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, in ji mutane, amma a kasuwar nan sirara ne suke ɗaga buhu. Abin da ya fi amfani shi ne sanin tsawon ran kowace alama. Shuɗin alasho wanka ɗaya ne. Kanta tana bajewa cikin 'yan watanni in an bar aikin. Launin farce sai farcen ya sake, kusan wata shida ke nan, kuma rinin yana tafiya gaba ne, gindin ya fito fari, har kana iya ƙiyasta yaushe mutum ya bar karofi ko majema. Tabon wuƙa da na wuta, da kafaɗar da ta sauka, da yadda ƙafa ta koyi taku, waɗannan har kabari. Wani Alhaji mai babban shagon atamfa, hannunsa laushi kamar na jariri, da ya tashi zai kawo mini kujera sai ga gajerun takun nan da kafaɗar dama a ƙasa. Ban tambaye shi ba. Ni dai ba na yanke magana sai alama biyu ko uku sun haɗu, ɗaya ta jiki, ɗaya ta hali, ɗaya ta baki.

Bakin kuwa a Zinder ba ya ɓuya. Wanda ya ce montur maimakon agogo, esansi maimakon fetur, bik maimakon biro, za shi likita yana nufin asibiti, ya kira malamin makaranta mushe, ɗan gida ne. Wanda ya ce "oke" ko "sori" ya ƙetaro iyaka. Matasan da suka fi wuyar karantawa su ne ɗaliban jami'ar garin da ma'aikatan matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 arewa da gari: hannu ba kanta, fuska ba tsaga, waya iri ɗaya da ta kowa. Su sai an jira sun rubuta 7 ko sun faɗi farashi. Ɗan kabu-kabu dai har yanzu yana ɗauke da tasa shaidar, ƙunar salansa a ƙaurin dama da jan ido na iska da ƙura.

Juma'a da Asabar na koma majema na zaɓi kayana, ina juya fatu tun suna da danshi, ina yankar bakin wuya ina duba farin layi. Lahadi na kamo hanyar gida ta Bande da Magarya, don in fita ta Tinkim da Baban Mutum in sauka Babura. A shingen ƙarshe wani jandarma ya karɓi fasfona, bai buɗe ba tukuna, ya tsaya yana kallon yatsun da suka miƙa masa.

Ya ce, "Alhaji, majemi ne?"

Na ce a'a, mai saye ne. Ya kama hannun rigata ya ɗan ɗaga, ya ga gashi yana nan, ya gyaɗa kai ya buga hatimi. Mahaifinsa, in ji shi, a majemar Birni ya tsufa. Launin bagaruwar bai gama fita daga farcena ba sai da damina ta faɗi.